Kimiyya A Ƙofar Gida: Hardar Ƙudan Zuma Da Man Kaɗanyarmu



Duk wanda ya ratsa daji a irin wannan lokaci na rani zai ga kaɗanya ta karkaɗe ganyenta ta fara fure, in kuwa ya tsaya ƙarƙashinta da sanyin safiya zai ji gunjin ƙudan zuma a samanta. Yawancinmu ba ma ɗaukar wannan gunji bakin komai. Amma kwandon kaɗanyar da iyayenmu mata za su tsinto daga watan Mayu zuwa Agusta, da man da za su kai kasuwa, da kuɗin makarantar yaran da zai fito daga ciki, tun yanzu ake yanke musu hukunci a saman bishiya. Kuma wani babban ɓangare na hukuncin ya rataya ne a kan abin da ba mu cika zaton ƙwaro yana da shi ba, wato iya koyo da iya tunawa. A kan wannan za mu tattauna a wannan wata: yadda Allah Ya shirya 'yan ƙananan halittu marasa ƙashin baya su riƙe abin da suka koya, da abin da ya rage a gare mu mu yi don kada mu ɓata wannan shiri da hannunmu.

ME YA HAƊA KAƊANYA DA TUNANIN ƘUDA?

Furen kaɗanya yana bukatar a kawo masa garin fure daga wata kaɗanyar kafin ya ɗaura 'ya'ya sosai. A shekarar 2018 wasu masu bincike ƙarƙashin jagorancin Farfesa Jane Stout ta ƙasar Ailan suka buga sakamakon aikin da suka yi a arewacin Gana da kudancin Burkina Faso. Sun rufe wasu furanni da jaka mai raga don hana ƙwari isa gare su, suka bar wasu a buɗe. Waɗanda aka bari a buɗe sun fi ɗaura 'ya'ya, kuma baƙin da suka fi ziyartarsu su ne ƙudan zuma da ƙananan danginsa marasa harbi.

To, ina tunawa ta shigo? Ƙudan zuma ba ya yawo barkatai. In ya sami furen da ya ba shi ruwa mai zaƙi, sai ya riƙe ƙamshinsa da launinsa da inda yake da lokacin da ya fi zuba, ya dinga bin irinsa shi kaɗai a tafiya guda. Saboda haka garin furen kaɗanya yake sauka a kan kaɗanya, ba ya ɓacewa a kan mangwaro ko ɗorawa. Bayan haka dole ya tuna hanyar gida, wadda kan kai kilomita biyu ko uku, wani lokaci ma fiye, sa'an nan ya shiga amya ya yi wa 'yan'uwansa kwatancen wurin ta hanyar rawa. Wani masani mutumin Ostiriya, Karl von Frisch, shi ya gano ma'anar wannan rawa, aka kuma ba shi kyautar Nobel a 1973. Mu kam tun muna makarantar allo muka san cewa akwai sura guda a cikin Alƙur'ani mai girma da aka sa wa sunan wannan halitta. Kuma ko da yake a Hausa "shi" muke ce masa, masu fita kiwon nan duk mata ne.

Duk wannan aiki da ƙwaƙwalwar da ba ta wuce ƙwayar riɗi ba ake yin sa. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya kusan miliyan ɗaya, alhali ta ɗan'adam tana da kimanin biliyan 86.

TSAIKON DA KE CIKIN ƘWAYAR JIJIYA

Ƙwayar jijiya kamar yaɗon kabewa take. Tana da jiki, tana da rassa masu karɓar saƙo, tana kuma da dogon hannu guda mai kai saƙo gaba. Inda hannun wata ya taɓa reshen wata, nan ne ake miƙa saƙo, kuma wannan wuri za mu kira shi mahaɗa. Masana sun tabbatar cewa koyo shi ne canjin da ke faruwa a waɗannan mahaɗu: wata ta ƙara ƙarfi, wata ta yi rauni, wata sabuwa ta tsiro, wata tsohuwa ta ɓace.

Amma ƙwayar halitta abu ce mai taushi, yawancinta ruwa ne a cikin siririyar fata. Me ke ba ta siffa har ta miƙa hannu ta riƙe shi a miƙe? Mai ginin ɗakin jinka ya san amsa. Kafin a baibaya ciyawa sai an ɗaura tsaiko, a sa sanduna a bi su da tanka. A cikin kowace ƙwaya akwai irin wannan tsaiko, an yi shi da furotin, kuma iri biyu daga cikinsa su suka fi shafar maganarmu.

Na farko shi ne aktin, wanda wani masani mai suna Brunó Straub ya fara ware shi daga tsokar nama a garin Szeged na ƙasar Hangare a 1942. Aktin 'yan ƙananan dunƙule ne masu jeruwa kamar tsakiya a zare. In aka raba milimita ɗaya gida miliyan, kaurin zaren bai wuce kashi 7 ba. Shi ya fi yawa a bakin mahaɗu da kan sababbin rassa. Na biyu shi ne tubulin, wanda ke haɗuwa ya yi doguwar gora mai rami a ciki, mai kaurin kashi 25 a wancan ma'auni, ta bi tsawon hannun jijiya daga jiki har ƙarshe.

Bambancin wannan tsaiko da na ɗakinmu shi ne shi ba ya zama wuri ɗaya. Kullum ana ƙara sababbin dunƙule a wannan baki ana cire tsofaffi a wancan. In ƙari ya fi ragi, sai zaren ya tura fatar ƙwayar gaba, reshe ya tsiro. In ragi ya fi ƙari, sai reshen ya janye. Akwai kuma wasu furotin da aikinsu ke nan su kula da ginin, wasu su yanke zare, wasu su fitar masa da reshe, wasu su toshe bakinsa don ya tsaya yadda yake.

DARASIN DODON KOƊIN TEKU

Mutumin da ya fi kowa buɗe wannan ƙofa shi ne Eric Kandel na Jami'ar Kolumbiya a birnin Niyok na Amurka, wanda ya sami kyautar Nobel a shekarar 2000. Da ya ga ƙwaƙwalwar dabbobi masu shayarwa ta yi masa cunkoso, sai ya koma ga wani ƙaton dodon koɗi na teku da ake kira Afilisiya. Wannan halitta ƙwayoyin jijiyarta kimanin 20,000 ne kacal, wasu kuma don girma ido ma yana iya ganinsu ba tare da madubi ba.

In aka taɓa Afilisiya a bayanta, takan janye abin numfashinta. In aka ɗan ja mata lantarki a wutsiya sau ɗaya, sai ta zama mai firgita na 'yan mintoci, ko ɗan taɓawa aka yi ta janye da ƙarfi, daga nan ta manta. Amma in aka maimaita sau huɗu ko biyar ana ba da tazara a tsakani, firgitar takan kai kwanaki. In aka yi kwana huɗu ana yi, sai ta kai makonni.

A cikin shekarun 1980 abokan aikinsa biyu, Craig Bailey da Mary Chen, suka zauna suka ƙirga mahaɗun ƙwayar jijiya guda. A dabbar da ba a koya wa komai ba sun sami kimanin 1,300. A wadda aka yi wa doguwar koyarwa sun sami kimanin 2,700, wato an ninka har da ɗoriya. Da tunawar ta fara dushewa bayan makonni, adadin mahaɗun ma sai ya dinga raguwa. Ashe gajeriyar tunawa ƙara wa tsohuwar mahaɗa ƙarfi ce kawai, doguwar tunawa kuwa gini ce sosai.

Gini kuma ba ya yiwuwa sai da tsaiko. A shekarar 2000 aka nuna cewa in aka zuba wa ƙwayoyin jijiyar Afilisiya maganin da ke hana aktin jeruwa, sababbin mahaɗun ba sa tsirowa. A 2005 kuma ɗakin binciken Kandel ya gano jerin furotin ɗin da ke karɓar umarni daga sinadarin serotonin, wanda jan lantarkin ke sa a saki, su kai shi ga aktin don ya fara fitar da sababbin 'yan yatsu a bakin jijiya.

FATAKEN CIKIN JIJIYA

Saura kayan gini. Ana ƙera yawancinsu ne a jikin ƙwayar, alhali wurin aikin yana can nesa a ƙarshen hannu. Wa zai kai su?

A nan mutanen garuruwanmu ba sa bukatar dogon bayani. Kakanninmu sun san zamanin da ayarin fatake ke tasowa daga Kano da kanwa da tufafi, su yi watanni a hanya, su ratso ta Yendi su sauka a Salaga, su koma da goron Gwanja, wasu ayarin kuma su bi ta Bawku zuwa ƙasar Mosi. Kasuwa kome girmanta, in hanya ta yanke ta mutu, kamar yadda Salaga ta gani bayan yaƙin basasa na 1892 da ya watsa 'yan kasuwarta zuwa Kete-Krachi da sauran wurare.

To, gorar tubulin ita ce hanyar fatake a cikin jijiya, ɗan dakon kuwa wani furotin ne mai suna kinesin. Yana da ƙafa biyu, yana taka gorar taki bayan taki da kaya a kansa, daga jikin ƙwaya zuwa bakin mahaɗa. An gano shi a 1985, kuma Ronald Vale da Thomas Reese da Michael Sheetz da suka gano shi a jijiyar wata dabbar teku marar ƙashin baya mai hannuwa goma suka same shi, domin jijiyarta tana da kauri ƙwarai. A 2008 aka ga cewa lokacin da Afilisiya ke kafa doguwar tunawa, ƙwayoyin jijiyarta kan ƙara yawan kinesin, kamar madugun da ya ji labarin kasuwa ta buɗe ya ƙara jakuna. Da aka hana wannan ƙari, doguwar tunawar ba ta kafu ba, amma gajeriyar ba ta sami matsala ba.

MU KOMA GA ƘUDAN ZUMA

A ƙwaƙwalwar ƙwari akwai wani sashe, ɗaya a dama ɗaya a hagu, mai siffar naman kaza. Wani Bafaranshe, Félix Dujardin, shi ya fara bayyana shi a 1850. A ƙudan zuma wannan sashe ya ƙunshi kimanin kashi ɗaya cikin uku na dukan ƙwayoyin jijiyar kansa, kuma nan ne saƙon ƙamshi da na gani suke haɗuwa a ajiye su.

Koya wa ƙudan zuma darasi a ɗakin bincike ba wuya. Akan sa shi cikin ɗan bututu kansa a waje, a hura masa wani ƙamshi, nan take a taɓa masa ruwan sukari, shi kuwa ya zaro harshe. Bayan an yi haka sau uku da tazara, ko ƙamshin kaɗai aka hura sai ya zaro harshe, kuma zai riƙe wannan har kwanaki. Farfesa Randolf Menzel na birnin Balin a Jamus ya shafe shekaru da dama yana aiki da wannan hanya.

A cikin sashen nan mai siffar naman kaza, mahaɗu suna taruwa ne ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli kuma zagaye yake da 'yan rassa cike da aktin. Masana kan gan su ta hanyar rina aktin ɗin da wani dafi da ake samu daga naman kaza mai kisa, su haska shi a ƙarƙashin madubi su ƙirga. A 2010 masu bincike daga Tulus ta Faransa da Wurzburg ta Jamus suka koya wa ƙudan zuma ƙamshi, bayan kwana uku suka ƙirga, suka tarar ƙulle-ƙullen sun ƙaru a ɓangaren da ke kula da ƙamshi. Waɗanda aka ba maganin da ke hana ƙera sababbin kayan gini ba su riƙe darasin ba, ƙulle-ƙullensu ma ba su ƙaru ba.

Haka kuma tun 1993 aka gano a Jami'ar Ilinoi ta Amurka cewa wannan sashe ya fi girma a ƙudan da ke fita kiwo fiye da wanda ke zaune a amya yana renon 'ya'ya. Ma'aikaciyar zuma takan yi kimanin mako uku na farkon rayuwarta a cikin duhun amya. Kafin ta fara kiwo sai ta yi 'yan shawagi a ƙofar gida tana fuskantar amyar tana haddace alamomin wurin. A wannan lokaci rassan jijiyarta suna ƙara tsawo, ana kuma sassabe wasu mahaɗun da ba a bukata. Duk aikin tsaiko ne.

Wani abin mamaki ya fito a 2012 daga ɗakin binciken Menzel. Da aka yi wa ƙudan zuma allurar maganin da ke warware zaren aktin, sai tunawarsa ta ƙaru, alhali irin wannan magani ɓata tunawa yake yi a ɓera. Darasin da ke ciki shi ne ƙarfin tsaiko kaɗai ba ya wadatarwa. Mai son faɗaɗa rumfa wani lokaci sai ya kwance tanka tukuna. Abin da ake bukata shi ne a kwance a lokacin kwancewa, a ɗaure a lokacin ɗaurewa.

MANTUWA MA AIKI CE

Mun saba ɗaukar mantuwa a matsayin lalacewa, kamar yadda damina ke cin katangar ƙasa. Binciken ƙwari ya nuna cewa akwai mantuwar da jiki ke yi da gangan.

Akwai ɗan ƙaramin ƙudan nan mai jan ido da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro. Tun 1974 ake koya masa gudun wani ƙamshi ta hanyar haɗa ƙamshin da jan lantarki. A 2010 Farfesa Yi Zhong da ɗalibansa a Jami'ar Tsinghua ta birnin Beijin a ƙasar Sin suka gano wani furotin mai suna Rak, wanda ke ba da umarni ga masu sake fasalin aktin. Da suka rage aikinsa a sashen nan mai siffar naman kaza, darasin da ƙudan ke mantawa cikin 'yan sa'o'i sai ya wuce kwana guda. Da suka ƙara aikinsa, sai mantuwar ta zo da wuri. Amma ƙudan da aka hana mantuwa ya sha wuya da aka juya darasin, aka mai da ƙamshin da yake gudu ya zama shi ne marar haɗari.

A 2014 kuma masu bincike a Jami'ar Basel ta Suwizalan suka sami irin wannan a jikin wata 'yar mitsitsiyar tsutsa mai ƙwayoyin jijiya 302 kacal. Sun ga furotin guda yana ƙarfafa aktin a mahaɗa don tunawa ta zauna, wani kuma yana rage masu fitar masa da rassa don ta goge. Rinjayen ɗaya a kan ɗaya shi ke yanke ko za a tuna ko za a manta.

Almajiri ya san wannan. Ba a rubuta sabon karatu sai an wanke allo. Ƙudan zuman da ya kasa manta kaɗanyar da furenta ya ƙare zai yi ta zarya a banza, alhali ɗorawa ko gonar irin albasa ta buɗe a wani gefen.

INDA MUKE SA HANNU MU ƁATA

Yanzu mu zo ga abin da ya sa muka ɗauko wannan dogon zance. Gini mai laushi irin wannan ba sai an kashe mai shi ake rushe shi ba.

Na farko, maganin feshi. Tun da tsutsar nan mai cin masara ta shigo Gana a 2016, feshi ya ƙaru a gonakinmu, ga kuma na wake da na lambunan rani, musamman masu noman albasa da tumatir a bakin Farin Volta wajen Bawku. Akwai wani rukunin magungunan ƙwari da aka ƙera su kamar sinadarin taba, irin su imidakulofirid da tiyametoksam. Suna kama wurin da jijiyar ƙwaro ke karɓar saƙo, kuma sashen koyo na ƙudan zuma cike yake da irin wannan wuri. A 2012 masu bincike a Faransa suka liƙa wa ƙudan zuma 'yar na'urar shaida a baya, suka ba wasu ɗan abin da bai kai ya kashe su ba, suka sake su nesa da gida. Waɗanda suka sha maganin sun fi sauran ɓacewa a hanya. A 2016 kuma aka nuna a Jami'ar Ƙasa ta Taiwan cewa 'ya'yan zuman da aka ciyar da ɗan ƙanƙanin imidakulofirid tun suna tsutsa sun girma da ƙarancin ƙulle-ƙullen nan a ƙwaƙwalwarsu. A 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da uku daga cikin waɗannan magunguna a gonakin fili. Manomi zai duba ƙasa bai ga gawar ƙuda ko ɗaya ba ya ce maganinsa bai yi ɓarna ba, alhali ƙudan yana can daji ya rasa hanyar gida.

Na biyu, wuta. Ƙudan zuma yana riƙe ɗumin ɗakin 'ya'yansa a wajen digiri 35, dare da rana, da zafi da sanyi. A 2004 masu bincike a Wurzburg suka nuna cewa in ɗumin ya kauce ko da digiri ɗaya ne lokacin da 'ya'yan ke rikiɗa, yawan ƙulle-ƙullen ƙwaƙwalwarsu yana raguwa. Mai ɗibar zuma da dare da baƙin wuta yana ƙona manyan da ke ɗumama ɗaki, ya bar abin da ya saura na 'ya'ya ga sanyin hunturu. Gobarar daji da muke sawa don farautar gafiya ita kuma tana haɗawa da furen da amyar gaba ɗaya. Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi.

Na uku, gatari. Kaɗanya takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, amma a yini guda ake mai da ita gawayi. Sauran itatuwa da ƙananan tsirrai ma suna da nasu amfani, don su ke ciyar da ƙudan a watannin da kaɗanya ba ta fure. Wani bincike da aka buga a 2020 daga kudancin Burkina Faso ya nuna cewa inda itatuwa suka fi yawan iri-iri, nan ƙudan zuma ya fi ziyartar kaɗanya.

ABIN DA ZA MU IYA YI

Ba mu ce manomi ya bar tsutsa ta cinye masa masara ba. Zuma ma da zaƙi da harbi take. Amma akwai abubuwan da ba sa cin ko sisi. Kada a yi feshi a kan shuka tana cikin fure. In ya zama dole, a bari sai yamma liƙis bayan ƙudan ya koma gida, kuma ba a ranar iska ba. A bi ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalba, don ƙara hannu ba ya ƙara amfani. Kada a wanke tankin feshi a bakin rijiya ko tafkin da ƙudan ke shan ruwa da rani. Mai gona ya sanar da maƙwabcinsa mai amya kafin ya yi feshi. Wanda bai iya karanta rubutun kwalba ba ya nemi malamin gona, ko ya kai tambayarsa tashar binciken aikin gona ta Manga kusa da Bawku, ko cibiyarta da ke Nyankpala kusa da Tamale.

Masu ɗibar zuma kuma su koma ga hayaƙi su bar harshen wuta, su bar saƙar da ke da 'ya'ya a wurinta, su ɗebi mai zuma kaɗai. Amyar katako mai sanduna a sama, wadda kafinta na gari zai iya ƙerawa, tana ba da damar yin haka shekara da shekaru ba tare da an kori gidan ba. Muna kira ga sarakunan zango da limamai da shugabannin ƙungiyoyin mata masu man kaɗanya da su sa wannan magana cikin tarukansu kafin furen bana ya wuce, domin su ne za su fara ji a aljihu in kwando ya dawo rabi.

GUZURI GA IYAYE DA MALAMAI

Kafin mu rufe, ga wani ɗan guzuri da ƙwarin nan suka ba mu. Aktin da tubulin da kinesin da ke kan ƙudan zuma, su ne dai ke cikin kanmu, da ɗan bambanci kaɗan. A 1994 Tim Tully da abokan aikinsa a Amurka suka koya wa ƙudan mangwaro darasi sau goma a jere ba hutu, wasu kuma sau goma da hutun minti 15 a tsakani. Na farkon sun manta cikin kwana huɗu, na biyun suka riƙe har mako guda. An gwada irin wannan a ƙudan zuma da ɓera da ɗan'adam, amsar ɗaya ce. Gini yana son lokaci, sai an ba fatake damar isowa da kaya.

Alarammomin makarantun allo na Salaga da Yendi da Bawku sun daɗe a kan wannan tafarki: ɗan karatu da asuba, a maimaita da yamma, a yi tilawa da dare, a koma baya a yi tishi. Ɗalibin boko da ke jira sai daren jarrabawa ya haɗiye littafi guda, ya yi koyi da su. Yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya, mutanen Salaga kuwa ba a ba su labarin rijiya.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa kaɗanyar bana ta yi 'ya'ya, Ya kuma ƙara mana ilimi mai amfani. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.